Baba ya ce mana waya ce



Ranar Asabar da ta gabata, a wurin ɗaurin auren ɗaya daga cikin yaranmu, liman ya karɓi makirfo zai fara addu'a, sai lasifika ta yi wata ƙara da muka jima ba mu ji ba: tit-tiri-tit, tit-tiri-tit, tit-tiri-tit, zuuuu. Samarin da ke kula da kayan sauti suka duƙa suna murɗe-murɗe. Wannan ya ce janareto ne, wancan ya ce amfilifaya ce ta yi zafi. Mu kuwa da muka ba arba'in baya, ba wanda ya ce da wani uffan, kowa hannunsa ya zarce aljihu. Ba a ƙirga uku ba wayar waliyyin ango ta fara kuka a aljihun gaban rigarsa, 'yar ƙaramar nan mai tocila. Aka yi dariya, ya kashe ta, aka ci gaba da ɗaurin aure.

Mu huɗu da muka zauna a tabarma ɗaya, dariyarmu ba ta yi nisa ba. Ƙarar nan ta tuno mana da wani dattijo da muka zalunta shekaru da dama da suka wuce. Mun ba shi haƙuri tun yana raye, amma a shagonsa muka ba shi, daga mu sai shi, alhali a gaban jama'ar masallaci muka ɓata shi. Shi ya sa muka yi shawara mu rubuta wannan a shafin ƙungiya, inda kowa zai gani. Kuma tunda ga shi ana maganar haɗa kuɗin sababbin kayan sauti, akwai abin da ya kamata mu sani kafin a kashe ko kwabo.

Ba za mu faɗi sunansa ba, don iyalinsa suna nan kuma ba mu nemi izininsu ba. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san shi da Baba mai rediyo. Mahaifinsa yana cikin mutanen da jirgin ƙasa ya kawo garin nan. Kowa ya san Kafanchan 'yar layin dogo ce. Tun da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu ya iso nan a 1927, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa, suna zaune da mutanen Fantswam da Kagoro da Bajju da Kaninkon. A cikin wannan cakuɗa Baba ya tashi, a nan ya koyi sana'a, kuma bai taɓa tambayar mai rediyo inda yake ibada ba kafin ya kwance masa ita.

Shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku. Ko'ina gawarwakin rediyo ne da rikoda, sai warin dalma. A hannunsa muka fara ganin cikin rediyo, shi ya koya mana yadda ake lallaɓa gajeren zango a kamo BBC da Muryar Amurka da Jamus, da yadda ake ɗaura guntun waya a eriya a maƙala a taga in sauti ya yi nisa. Lasifikar masallacin unguwarmu kuwa shi ya ɗora ta, shi ke hawa ya gyara in iskar damina ta karkatar da ita. Shekara da shekaru bai taɓa karɓar ladan aiki ba, sai kuɗin abin da ya saya.

Sai wayar salula ta shigo. Matasa ba za su gane yadda abin yake ba. Kafin Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a zamanin Obasanjo, layukan NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Da farko layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da gaisuwa kawai ka yi ka katse, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Da sabis ya iso mana, a ƙarƙashin laimar masu kiran kuɗi muka fara, daga baya muka yi ta tara kuɗi muna sayen tamu: Nokia 3310, Sagem, Motorola, sannan Nokia 1100 mai tocila. Wanda ya mallaki waya a lokacin ba ya son ta yi nisa da jikinsa, kuma babban tashin hankalinsa caji.

A wani azumi na waɗancan shekarun, mu ne kwamitin matasa na masallaci. Mun bi gida gida mun tara kuɗi, an sayo sabuwar amfilifaya, Baba ya haɗa ta a ɗan lungun da ke gefen liman, aka lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Daren farko na tafsiri lafiya lau. Dare na biyu, mai jan baƙi yana tsakiyar aya, sai tit-tiri-tit, tit-tiri-tit, zuuuu, har sai da ya dakata. Bayan 'yan mintoci ta sake. Daga nan kullum sai ta yi, wani dare sau biyar, wani dare sau goma. Iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida suka fara aiko da ƙorafi. Malam mutum ne mai haƙuri, amma mun ga ransa yana ɓaci.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce aljanu ne ba sa son karatu. Wasu suka ce kayan jabu aka sayo. Sai wata magana ta fara yawo a ƙofar masallaci, ƙasa-ƙasa: ai maƙwabtanmu na cocin tsallaken titi ne suka kawo wata na'ura don su hana mu tafsiri. Ba wanda ya ga na'urar, ba wanda ya san wanda ya fara faɗa. Amma wanda ya san garin nan, garin da ya ga 1987 ya ga 1999, ya san irin wannan magana ba abin wasa ba ce.

Muka tafi wurin Baba. Yana duƙe a kan wata rediyo, bai ko ɗago ba.

"Baba, injin nan da kuka haɗa ya hana mu sakat."

"Na ji da kunnena, 'ya'yana. Waya ce."

"Baba, ai wayoyin sababbi ne, ku kuka ja su."

"Na ce muku waya ce. Ku nisanta ta da injin. Su ma can coci haka take yi musu, jiya aka kira ni..."

Ba mu bari ya ƙarasa ba. Mun zo da amsarmu a ka, abin da muke so kawai ya amsa laifi. Da ya ce waya, mu wayar lantarki muka ji. Muka je kasuwa muka sayo sababbi, muka canza ta makirfo, muka canza ta lasifika, muka ja su nesa da juna. Ƙara ba ta fasa ba. Zancen coci da ya yi kuwa, maimakon ya kwantar mana da hankali, sai wani a cikinmu ya ce, to me ya kai shi can?

A nan muka yi abin da har yau muke jin kunyarsa. Bayan sallar asham, a gaban dattawa, ɗayanmu ya tashi ya ce muna zargin an kwance injin an cire kayan ciki masu kyau an sa tsofaffi. Bai ambaci suna ba, amma mutum ɗaya ne ya taɓa injin. Sauranmu muka yi shiru, kuma shirun nan amincewa ce. Baba yana zaune a sahun baya. Bai ce komai ba. Ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

Washegari muka ɗora amfilifaya a mota zuwa Jos. Wani mai gyara ya buɗe ta, ya canza wasu abubuwa, ya karɓi kuɗi masu kauri daga ragowar abin da jama'a suka tara. A shagonsa ta yi magana tas. Muka dawo muna taƙama. A daren da muka mayar da ita, tun kafin Malam ya gama buɗewa da addu'a, ta sake.

Baba bai daina zuwa masallaci ba. A wani dare cikin goman ƙarshe, da ƙarar ta katse karatu karo na uku, sai muka ga ya miƙe daga sahun baya yana ratsa mutane. Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini." Ya shiga lungun nan ya yaye ƙyallen. A kan amfilifaya da gefenta, wayoyin salula tara ne a jere, kowace da cajarta a jikin doguwar soket. Namu ne, mu 'yan kwamiti da abokanmu. NEPA ba ta kawo wuta, janareton masallaci ne kaɗai ke tashi daga magariba zuwa ƙarshen tafsiri, mu kuma mu ke riƙe da lungun. Tun dare na biyu muka mayar da shi wurin caji.

Ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a hularsa, ya miƙa wa wani yaro ya ce ya kai bakin ƙofa. Ya bar guda ɗaya a kan injin, ya ce mai ita ya faɗi lambarsa, wani ya kira daga waje. Masallaci ya yi tsit. Sai lasifika ta yi tit-tiri-tit, tit-tiri-tit, zuuuu, sannan wayar ta fara kuka. Ya ɗauke ta ya miƙa wa mai ita. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ci gaba." Ya koma sahun baya. Har aka yi Sallah ba a sake jin ƙarar ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu namu ma ba takawa muka yi ba, lulluɓe shi muka yi da ƙyalle.

Daga baya wani ɗan ƙungiyarmu da ya karanci injiniyan lantarki a Zariya ya zaunar da mu ya warware mana abin da Baba ya gano da kunne da lura. Ga shi kamar yadda muka fahimta, don amfanin samarinmu masu riƙe da kayan sauti yanzu.

Wayar salula ƙaramar tashar rediyo ce a aljihu. Tana kamawa, tana kuma watsawa. Tsarin GSM, wanda yanzu ake kira 2G, an fara aiki da shi ne a ƙasar Finland a 1991, shekara 10 kafin ya iso mana. A wannan tsari, turken sabis yana raba hanya ɗaya ga wayoyi 8. Mu 'yan garin jirgi ba za mu sha wuyar ganewa ba: layin dogo ɗaya ne, jirage suna bin sa bi da bi, wani ya jira a tasha sai wani ya wuce. Kowace waya ana ba ta ɗan lokacinta, ɗan fiye da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta harba saƙonta ta yi shiru, sauran bakwai su yi nasu, sannan layi ya zagayo kanta. Wannan zagaye yana faruwa sau 217 a kowace daƙiƙa.

Igiyar rediyon da wayar ke harbawa tana kaɗawa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan, don kunnen ɗan Adam daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 yake kamawa. Amma kunna-kashe sau 217 ya faɗo cikin abin da kunne ke ji sarai. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai mayar da shi sauti.

A nan wayar lantarki ta shigo. Duk wayar da ke kusa eriya ce, ko ba don haka aka yi ta ba. Tsawon igiyar miliyan 900 ɗin kusan santimita 33 ne, don haka guntun waya da bai kai taƙi ba ya isa ya kamo ta. Wayar makirfo ta kwaso, ta kai cikin amfilifaya. Can ciki akwai ƙananan taransisto da ke tace ta ba da niyya ba: kaɗawar mai sauri ta ɓace, bugun 217 ya rage. Muryar da makirfo ke aikawa kuwa 'yar mitsitsiya ce, an gina amfilifaya ne don ta ninka ta sau ɗaruruwa. Ba ta san muryar Malam ba, ba ta san bugun waya ba. Duk abin da ya shigo mata sai ta ƙara masa girma ta tura lasifika. Ashe Baba ya yi gaskiya ta fuska biyu: wayar aljihu ce ke yin ƙarar, wayar lantarki ce ke shigo da ita.

Haka abin yake ga rediyo. Ba tashar ake shiga ba, ɓangaren sautin ne ke kamawa. Shi ya sa ko Rockside kake ji ko Rediyon Tarayya Kaduna ko BBC, murɗa tasha ba ya magani. Ko rikoda mai kaset, wadda ba ta kama tashar kowa, tana yi. A Turai ma da tsarin ya fara, masu sa na'urar ƙara ji a kunne sun yi kuka da wannan ƙara.

Me ya sa take riga kukan waya? Domin kafin waya ta yi kuka, sai turke ya neme ta, ita kuma ta amsa ta ce ga ni, su tantance layi, a ba ta hanya. Wannan gaisuwar ce tit-tiri-tit ɗin. Dogon zuuuu kuwa shi ne lokacin da hanya ta buɗe. Wani lokaci za ka ji ƙarar amma ba kira: ko saƙon tes ne ya shigo, ko wayar ce ke sanar da turke inda take, abin da takan yi lokaci-lokaci ko tana ajiye. Kuma ƙarfin harbawarta ba ɗaya ba ne kullum. In sabis ya cika, raɗa take yi. In turke ya yi nisa, ko tana cikin lungu ƙarƙashin rufin kwano kamar namu, sai ta ɗaga murya, tana iya kaiwa wat 2. Wat 2 a kan murfin amfilifaya ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kullum ƙarar nan take zama abin haushi ba. Waɗanda suke garin nan a Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga wata, sun san abin da muke nufi. Kasuwa ta ƙone, an sa dokar hana fita, ba wuta, kowa yana cikin gida. Rediyo mai batir tana tsakiyar tabarma, wayoyin gidan duka suna gefenta. Muna sauraren labarin garinmu daga bakin mutanen Landan, sai rediyo ta yi tit-tiri-tit. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ne tsakanin ƙarar da kukan waya, amma ba mu taɓa sanin daƙiƙa tana da tsawo haka ba. Iyayenmu mata su ce, "Allah ka sa alheri," kowa ya zuba wa wayoyin ido ya ga wacce za ta haska. Akwai gidajen da ƙarar ta kawo musu "muna lafiya" daga Zonkwa ko Matsirga. Akwai gidajen da ta kawo musu labarin da har yau ba a gama jimaminsa ba, gidajen Musulmi da na Kirista. Ɗayanmu, abokin karatunsa ne Kirista ya kira shi cikin dare ya ce kada ƙaninsa ya kuskura ya biyo ta wata hanya. Yaron yana nan da ransa, har ya yi 'ya'ya. A cikin waɗannan darare kuma, ta wayoyin nan dai, saƙonnin ƙarya suka yi ta shigowa, an ce ga wasu can sun taho, an ce an ƙona wuri kaza, da gari ya waye a tarar wurin yana nan.

Wannan ne ya sa maganar na'urar coci take damunmu fiye da kuɗin da muka zubar a Jos. Ƙarar daga aljihunmu ta fito, amma saura kaɗan mu ɗora ta a kan maƙwabta. Mun ji daga baya cewa su ma can, da abin ya addabi mawaƙansu ranar Lahadi, an sami wanda ya waiwayo masallacinmu. Mutum ɗaya ne yake shiga wuraren biyu da sukundireba a aljihu, shi ya san ciwo ɗaya ne, mu kuma muka hana shi ƙarasa magana. Gari kamar namu amfilifaya ne, ba ya tace abin da aka sa masa. Yau ba sai waya ta kusanci inji ba. Saƙon murya ɗaya da aka tura a WhatsApp ba tare da an bincika ba ya isa ya cika unguwa.

Samari za su ce, to ai yanzu ba a cika jin ƙarar ba. Haka ne. Tsarin 3G da 4G ba sa yin wannan kunna-kashe na 217, kuma kayan sautin zamani masu kyau suna zuwa da matata a ciki. Amma 2G bai tafi ba. Ƙananan wayoyi masu tocila da dattawanmu da 'yan kasuwa suka fi so, yawancinsu da shi suke aiki. Babbar waya ma takan sauko kansa in sabis ya yi rauni, ko lokacin da kira ya shigo. In ka bar gari ka nufi wajen Jagindi ko bayan duwatsun Kagoro, duba fuskar wayarka, wani lokaci za ka ga 4G ya koma E. To a nan ta zama 'yar uwar wayar waliyyin ango.

Saboda haka ga abin da muke ba kwamiti da masu riƙe da kaya shawara.

Na farko, a koyi rarrabe ƙara kafin a nemi mai laifi. Gurnanin da ba ya yankewa, huuum, daga wutar NEPA ko janareto yake, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yawanci haɗin waya ne bai yi kyau ba. Ƙugin nan mai tsinin da ke huda kunne, makirfo ne ya fuskanci lasifika ko an ƙure murya. Shuuu ɗin da ke rufe gajeren zango a rediyo, sau da yawa daga caja mai araha ko ƙwan fitila na zamani yake, zare su ka ji bambanci. Mai tit-tiri-tit kuwa, mai zuwa ta tafi, a duba aljihu.

Na biyu, sa waya a shiru ba ya hana ta. Bakinta kawai ka rufe, amma tana nan tana magana da turke. Liman da ladan da mai jan baƙi da mai gabatarwa a wurin biki, duk wanda zai riƙe makirfo, ya kashe wayarsa gaba ɗaya, ko ya sa ta a tsarin jirgin sama, ko ya ba wani ya riƙe masa.

Na uku, nisa shi ne magani mafi araha. Ƙarfin igiyar yana raguwa da sauri in aka matsa. Taku biyu ko uku daga amfilifaya da wayar makirfo yakan wadatar. A sa soket ɗin caji a bakin ƙofa, kada a sake haɗa shi da lungun inji. Mun san mutane za su yi caji, to a ba su wurinsa.

Na huɗu, in za a sayi kaya, kada a tsuke hannu a wayar makirfo. A nemi mai raga a ciki, mai kan baki uku, kuma kada ta fi tsawon da ake bukata. Ɗan dunƙulen baƙin nan da muke gani a jikin wayar cajar kwamfuta ba ado ba ne, aikinsa tare irin wannan ƙara, kuma ana samun wanda ake maƙalawa. Kafin a biya kuɗin amfilifaya, a kunna ta a shagon, a ɗora ƙaramar waya a gefenta a kira. Wadda ta fi shiru ita ce ta fi.

Bayan Sallar waccan shekara muka tattara kanmu muka je shagon Baba. Muka durƙusa a ƙofa, don ciki ba zai ɗauke mu ba.

"Baba, mun zo ba ku haƙuri."

"Ku tashi, 'ya'yana. Wa ya ce muku na riƙe ku?"

"Mun ce kun yi abin da ba ku yi ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Zancen sata bai hana ni barci ba, Allah ya san abin da na sa a injin nan. Abin da ya hana ni barci zancen da na ji ana yi a kan mutanen tsallake. Inji in ya lalace ana gyarawa."

Ya yafe mana, amma mun san abin da bai faɗa ba. A makonnin nan mutane da dama sun ɗauke rediyonsu daga shagonsa, wasu ba su dawo ba har ya bar duniya. Waɗanda suka ji zargin a daren asham ba duka ne suke masallaci a daren da ya yaye ƙyallen ba. To ga shi muna faɗa yau, mu da muka yi: Baba mai rediyo bai cire ko ƙusa ɗaya daga injin masallaci ba. Wayoyinmu ne.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. In an tashi haɗa sababbin kayan, a ba yaron da Baba ya koya wa sana'a aikin, yana nan a shagon, kuma a biya shi ladansa cikakke. Sannan a sa rana mu je gaba ɗaya mu gai da iyalinsa.

Allah ya ji ƙan Baba, ya sa hidimar da ya yi wa masallaci ta zame masa haske a kabari. Allah ya zaunar da Kafanchan da Kudancin Kaduna lafiya. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.